Rabin Aji: Inda Ake Fara Barin Ɗan Talaka a Baya

Duk shekara idan aka shiga zangon karatu na farko, akan ɗauki yara aji ɗaya na firamare kamar dai dukansu a ranar suke fara karatu. Kowa ya san ba haka abin yake ba. Ɗan mai hali ya riga ya shekara biyu ko uku yana zuwa nazare a makarantar kuɗi. Ya iya riƙe fensir, ya san littafi daga ina ake buɗe shi, ya saba zama a aji, ya saba malama ta yi tambaya ya ɗaga hannu. Ɗan mai faskare ko ɗiyar mai wankau kuwa, ranar ce ta farko da aka taɓa miƙa musu fensir. Shekarunsu ɗaya, wataƙila ma unguwarsu ɗaya, amma tazarar da ke tsakaninsu ta kai shekara biyu, kuma makarantar da ɗan talakan ya shiga ba ta da halin cike masa wannan giɓin. Sai ma dai ya yi ta faɗi. Idan an zo aji huɗu aka tarar bai iya karanta sunansa ba, sai a ce daƙiƙi ne, alhali ba a taɓa ba shi abin da aka ba wancan ba.

Ra'ayina shi ne, ciyar da ilimin 'ya'yan talakawa 'yan shekara uku zuwa biyar nauyi ne na gwamnati, da kuɗin baitulmali, kuɗi na gaske masu layinsu a kasafi, kuma mafi yawansu su tafi ga malama da abinci kafin a zo maganar bulo da kwano. Ina ganin a duk kuɗin da gwamnatocin Arewa suke kashewa kan ilimi babu wanda zai fi wannan amfani, kuma babu wanda aka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

A takarda ba mu da matsala. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wadda ta kafa hukumar UBEC, ta ambaci kula da ƙananan yara da iliminsu a cikin abin da ake nufi da ilimin matakin farko. A 2007 aka fitar da manufa ta ƙasa kan rainon yara ƙanana. A 2013 kundin manufofin ilimi ya ƙara shekara ɗaya ta share fage kafin aji ɗaya, wato rabin aji, aka ce kowace firamaren gwamnati ta buɗe sashen. Najeriya ta sa hannu a muradun ci gaba na Majalisar Ɗinkin Duniya, waɗanda a ciki aka yi alkawarin kafin 2030 kowane yaro zai samu ilimin share fage mai inganci. Amma alƙaluman da UNICEF ta daɗe tana bayarwa sun nuna kashi 35.6 cikin ɗari ne kawai na yara 'yan shekara uku zuwa ƙasa da biyar suke samun irin wannan ilimi a ƙasar. Wannan jimillar ƙasa ce baki ɗaya, da Legas da Anambra a ciki. Duk wanda ya san karkarar Jigawa ko Zamfara ko Yobe ya san abin da ke can bai kama ƙafar wannan adadi ba, kuma 'yan kaɗan ɗin da suke zuwa, galibinsu iyayensu ne suke biya.

A bi kuɗin a gani. Doka ta ce a ware wa UBEC aƙalla kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar asusun gwamnatin tarayya. Rabin wannan shi ne tallafin da ake ba jihohi, da sharaɗin kowace jiha ta ajiye daidai abin da za a ba ta. A ƙa'idar rabon da hukumar ta daɗe tana aiki da ita, kashi 60 na wannan tallafi na firamare ne, kashi 35 na ƙaramar sakandare, kashi 5 na ajin share fage. Idan aka buga lissafi, a kowace naira 100 da ta shiga asusun gwamnatin tarayya, kwabo 5 ne ke zuwa ga 'yan rabin aji ta wannan hanya, ban da ɗan abin da ke biyowa ta kason kayan karatu da horar da malamai. Kwabo biyar ɗin ma ba kullum yake isowa ba. A ƙarshen 2024 shugaban UBEC na lokacin, Dakta Hamid Bobboyi, ya shaida wa 'yan majalisa cewa sama da naira biliyan 135 na tallafin shekarun 2020 zuwa 2023 suna nan jibge, jihohi ba su kawo nasu kason ba balle su ɗauka. Idan kuma an ɗauka, tallafin na gine-gine ne da kujeru, ba a biyan albashi da shi. Shi ya sa za ka shiga makaranta ka ga aji biyu sabbi fil, an zana musu giwa da lemo da haruffa a bango, an kafa lilo a gaba, amma ƙofar a garƙame take da kwaɗo saboda ba a turo wanda zai koyar ba. Ɗan kwangila ya gama nasa, an yanke ƙyalle, an ɗauki hoto.

Inda ƙofar take a buɗe ma, sai an shiga ake gane halin da ake ciki. Na tsaya a irin wannan aji a wata firamaren gwamnati da ke bayan gari. Yara sun cika ɗakin maƙil a kan siminti da ya farfashe, wasu da riga ba wando, wasu sun rungume robar kunu. Da yawansu 'yan rakiya ne, yayyensu suka taho da su aka tura su nan don kada su dami manyan azuzuwa. Malama guda ce, da goyo a bayanta da tsumagiya a hannu, ba don mugunta ba, don ba ta da wata dabarar da za ta sa taron ya nutsu. Tana faɗin baƙaƙen Turanci suna amsawa da ƙarfi, na bayan ɗaki kuwa suna kokawa, ɗaya ya yi barci da ƙuda a baki. Ba alli mai launi, ba takarda, ba ko gwangwanin da za a ƙirga. Da aka buga ƙararrawar tara, masu naira hamsin suka ruga wajen mai awara, sauran suka tsaya suna kallo. Na tambaye ta, “Malama, wannan fannin kika karanta?” Ta ce, “A'a wallahi, Malam. Aji uku nake koyarwa, da na dawo daga hutun haihuwa hedimasta ya ce in riƙe nan tunda aikin ba wuya.” Wannan magana ta hedimasta ita ce tunanin hukuma gaba ɗaya: aikin ba wuya, kowa ma zai iya, raino ne kawai.

Alhali a duk makarantar babu aikin da ya kai shi wuya, babu kuma wanda ya kai shi tasiri. Kafin yaro ya cika shekara biyar ƙwaƙwalwarsa ta kai kusan kashi 90 na girman da za ta yi. A shekarun nan ne harshe yake kafuwa, da iya sauraro, da haƙurin jiran layi, da ƙarfin zuciyar yin tambaya. Yunwa kuma a nan take yin ɓarnar da ba ta gyaruwa da sauƙi. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki, a Arewa maso Yamma kuwa adadin ya kai kashi 57. Fiye da rabin yaranmu ke nan. Yaron da ya tsumbure ba tsayi kaɗai ya rasa ba. Gwamnatin da ta bar waɗannan shekaru suka wuce sannan ta zo tana zuba kuɗi a sakandare da jami'a, tamkar manomi ne da ya ɓoye takinsa sai da gero ya fid da kai sannan ya zo yana barbaɗawa.

Ba hasashe nake yi ba, an gwada an gani. A 1962, a wani ƙaramin gari mai suna Ypsilanti a jihar Michigan ta Amurka, aka ɗauki yara 123 'ya'yan baƙaƙen fata matalauta 'yan shekara uku da huɗu. Aka raba su gida biyu: 58 suka shiga ajin share fage na makarantar Perry, sauran ba su shiga ba. Ajin awa biyu da rabi ne kowace safiya, malama ɗaya ga yara biyar ko shida, kuma kowane mako malamar takan je gida ta zauna da uwar yaron. Aka ci gaba da bibiyar waɗannan yara har suka kai shekara 40. Waɗanda suka shiga ajin sun fi yawan kammala sakandare, sun fi samun kuɗi, an fi ƙarancin kama su da laifi. James Heckman, masanin tattalin arziki da ya ci kyautar Nobel a 2000, ya lissafa cewa kuɗin da aka kashe sun riƙa dawo wa al'umma da ribar kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari a kowace shekara.

Mai karatu zai iya cewa wannan Amurka ce, ina mu ina malama ɗaya ga yara shida. Gaskiya ne, shi ya sa gwajin Jamaika ya fi kama hankalina. A 1986 da 1987, a unguwannin talakawa na birnin Kingston, aka ɗauki yara 129 da suka tsumbure, 'yan wata 9 zuwa 24. Abin da aka yi wa wasu daga cikinsu bai taka kara ya karya ba: ma'aikaciyar lafiya ta unguwa takan zo gida sau ɗaya a mako har shekara biyu, ta nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da ɗanta, ta yi masa magana, ta yaba masa, da kayan wasan da aka ƙera daga tarkacen gida. Bayan shekara 20 aka nemo su, aka tarar abin da suke samu ya fi na takwarorinsu da ba a ziyarta ba da kusan kashi 25 cikin ɗari. Babu gini a wannan shiri, babu kwangila. Mace ce da aka horar, ake biyanta, take zuwa a kan lokaci.

Akwai kuma ɓangaren da masu goyon bayan wannan harka ba su cika son faɗa ba, ni kuwa ina ganin shi ya fi shafar mu. Shirin Head Start na Amurka, wanda Shugaba Lyndon Johnson ya ƙaddamar a 1965 cikin yaƙinsa da talauci, ya fara da yara fiye da rabin miliyan, yana ba su karatu da abinci da duba lafiya, yanzu kuma yana cin kusan dala biliyan 12 a shekara. Da gwamnatin ƙasar ta sa aka yi masa babban bincike, sai aka ga fifikon da yaran suka samu a jarrabawa ya dushe kafin su gama aji uku, ko da yake wasu nazarce-nazarcen na dogon zango sun ga amfaninsa a lafiya da kammala makaranta. A jihar Tennessee abin ya fi haka muni: sakamakon da aka fitar a 2022 ya nuna yaran da suka shiga ajin share fage na jihar sun koma bayan waɗanda ba su shiga ba a aji shida, a karatu da ladabi duka. Masu binciken sun karkata ga cewa an mai da ajin ƙaramar firamare ne, ana ta dannawa yara darasi da zaman shiru a shekarun da wasa da hira suka fi yi musu amfani. Darasin a bayyane yake. Tara yara a ɗaki ba shi ne ilimin share fage ba, kuma mummunan aji yana iya cutarwa. Ɗakin da na bayyana a sama, inda yaro ke koyon cewa makaranta wuri ne na yunwa da hayaniya da tsumagiya, yana iya sa ya tsani boko tun kafin ya fara ta. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. To amma tunda yaran suna nan, kuma gobe za su shiga aji ɗaya ko an shirya su ko ba a shirya su ba, ƙin tashi ba zaɓi ba ne a gare mu, sai dai a gyara rawar.

Gyaran kuwa daga malama yake farawa. Kwalejojin iliminmu suna da sashen koyar da ƙananan yara, suna yaye masu takardar shaidar malanta ta NCE a wannan fanni duk shekara. Ina suke? Da yawa suna zaune a gida, wasu suna makarantun kuɗi ana ba su abin da bai isa kuɗin mota ba. Albashin malaman firamare daga kason ƙananan hukumomi yake fita, ta hannun SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, kuma jihohi da dama sun yi shekaru ba su ɗauki sabbin malamai yadda ya kamata ba, masu ritaya suna tafiya ba a maye gurbinsu. A irin wannan ƙarancin, rabin aji ne na ƙarshe da ake tunawa da shi. Abin da nake so in gani shi ne guraben aiki da aka ware musamman don wannan aji, ba a karkatar da mai shi zuwa aji shida ranar da malamin lissafi ya yi ritaya, kuma kowace malama a haɗa ta da mataimakiya daga cikin matan unguwar, wadda za a horar a riƙa ba ta alawus a kan kari. Yara 25 zuwa 30 ga mutum biyu abu ne da za a iya. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Idan har hukuncin ya tabbata a aikace, to wannan aiki yana cikin na farko da ya kamata a tambayi kowane shugaban ƙaramar hukuma a kansa.

Na san abin da dattawa da yawa za su ce, kuma ba na raina shi. Za su ce yaro ɗan shekara huɗu wurin uwarsa ya dace da shi, idan kuma zai fita, makarantar allo ce ta farko. Uwa ita ce makarantar farko, babu musu. Amma a dubi uwar da muke magana a kanta. Ita ce ke surfe da daka, ita ke suyar ƙosai ko ƙulle-ƙullen kayan miya da za a kai talla, ga goyo ga ciki, sau da yawa ita ma ba a sa ta makaranta ba. Tana ƙaunar ɗanta kamar kowace uwa, lokaci ne da ƙarfi da abin hannu suka yi mata kaɗan. Ɗan shekara huɗun nan ba a kan cinyarta yake wuni ba, yana lungu cikin kwata tare da sa'o'insa. Awa uku da safe a hannun mace mai horo, da kwanon abinci, bai raba shi da uwarsa ba. Shirin da ya san abin da yake yi ma da uwar yake tafiya, kamar yadda aka yi a Perry da Kingston.

Makarantar allo kuwa, ni a ganina hujja ce a gare mu. Al'ummar Hausawa ta yi ɗaruruwan shekaru tana kai ɗan shekara huɗu gaban malam ya fara da baƙi da wasali, iyaye suna biyan kuɗin Laraba daga ɗan abin da suke da shi. Ashe mun daɗe da yarda cewa karatu tun da ƙuruciya ake fara shi. Babu unguwa ko ƙauyen da ba shi da makarantar allo ko Islamiyya, iyaye sun amince da su, yaran suna can. Me zai hana gwamnati ta kai kuɗinta inda yaran suke? Islamiyyu da yawa sai da yamma suke aiki, azuzuwansu a rufe suke da safe. A zauna da malamai da masu unguwanni, a turo malama da mataimakiya da tabarmi da littattafan hoto da tukunyar abinci, a yi rabin aji a nan da hantsi, da yamma yaro ya ɗauki allonsa. Ba a taɓa karatun Alƙur'ani ba, ba a jira an gina sabon aji ba, yaro ɗan shekara huɗu bai yi tafiyar kilomita biyu yana tsallaka titi ba. Na san an taɓa yin shirye-shiryen haɗa tsangaya da boko suka ƙare a gine-ginen da jemagu suka gaje. Sun mutu ne saboda an fara da gini aka manta da albashi da abinci, kuma ba a ɗauki alarammomi abokan shawara ba. Kada a maimaita.

Akwai wata riba da ba a cika lissafawa ba, ita ce ta yayar yaron. A gidajen talakawa wa ke raino idan uwa tana aiki? Yarinya ce 'yar shekara takwas ko tara, wadda ya kamata a ce tana aji uku. Wata uwa da na taɓa yi wa maganar 'yarta da ba ta zuwa makaranta ta ce mini, “To Malam, in ta tafi wa zai riƙe mini ƙannenta?” Tambaya ce ta gaskiya, kuma wa'azi a rediyo ba ya amsa ta. A lardin Gaza na ƙasar Mozambik an buɗe irin waɗannan azuzuwa a ƙauyuka daga 2008, da matan gari a matsayin malamai, kan kuɗin da bai kai dala 3 ga kowane yaro a wata ba. Binciken Bankin Duniya ya gano yaran sun fi shiga firamare, yayyensu ma sun fi zuwa makaranta, iyaye kuma sun fi samun damar fita neman na kansu. Duk gwamnan da yake kukan yara mata ba sa zuwa makaranta, ga hanya ɗaya nan da ba a gwada ta sosai ba.

Sai babbar hujjar jami'an gwamnati: firamaren ma ta lalace, aji ɗaya yara ɗari, ta yaya za a ƙaro wani nauyi? Kuma ina kuɗin? Lalacewar firamare gaskiya ce, sai dai wani ɓangare na cunkoson aji ɗaya 'yan rakiya ne da masu maimaita aji saboda sun zo ba shiri. Rahoton Bankin Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa a Afirka kudu da Sahara kusan yara 9 cikin 10 ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimta a shekara goma. Ana biyan albashin shekara shida na firamare a kan yaran da ba su kama karatun ba tun daga tushe, wannan ita ce asarar da ta fi kowace tsada.

Maganar babu kuɗi kuwa ba na karɓar ta. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, abin da jihohi ke karɓa daga rabon arzikin ƙasa ya ƙaru ƙwarai a lissafin naira, gadojin sama da ake ta ginawa a manyan biranenmu shaida ne. A cikin harkar ilimin ma a duba inda kuɗi suka karkata. Manyan makarantu suna da asusun tallafi na TETFund, wadda harajin da ake karɓar mata daga kamfanoni ya tashi daga kashi 2.5 zuwa 3 cikin ɗari a 2023. Ɗaliban jami'a sun samu asusun lamuni na NELFUND a 2024. Jihohi suna tura ɗalibai ƙasashen waje karatun digiri na biyu, ana raka su filin jirgi da kaɗe-kaɗe. Ban ce a daina ko ɗaya ba, muna bukatar likitoci da injiniyoyi. Amma wa ke kaiwa ƙofar jami'a? Wanda ya tsallake firamare da sakandare lafiya, kuma galibi ba ɗan mai faskare ba ne. Tsarin da ya tara kuɗinsa a sama ya bar ƙasa fayau, yana ɗaukar dukiyar kowa ne yana ba waɗanda suka riga suka tsira. Abin da ake kashe wa ɗalibi guda a ƙasar waje zai riƙe azuzuwan share fage da dama shekara guda. A taron UNESCO na Tashkent a Nuwamban 2022 ƙasashen duniya sun amince su nufi ware aƙalla kashi 10 na kuɗin ilimi ga matakin share fage. Jihar da take alfahari ta ba ilimi kashi 25 ko 30 na kasafinta, kamar yadda Kano da wasu jihohin suke shela, ta fito ta faɗa mana nawa ne a ciki na 'yan shekara huɗu da biyar.

Ba sai mun je nesa neman misali ba. Ghana ta shigar da shekara biyu na share fage cikin ilimin dole kuma kyauta tun gyaran da ta yi a 2007 da dokar 2008, yau mafi yawan yaranta suna bi ta wannan aji, har da 'ya'yan Hausawan zango a Kumasi da Accra. Suna da nasu matsalolin na cunkoso da ƙarancin ƙwararrun malamai, amma sun wuce matakin gardamar ko ya kamata a yi. Indiya kuma tun 1975 take tafiyar da cibiyoyin unguwa da yanzu sun haura miliyan ɗaya, inda macen garin take dafa wa yara abinci, ta auna nauyinsu, ta koya musu waƙa da ƙirga. 

Idan kuɗin ba za su isa ko'ina a tashi ɗaya ba, kuma ba za su isa ba, to a fara daga inda talauci ya fi katutu: ƙauyukan da ba su da ko makarantar kuɗi ɗaya, unguwannin bayan gari, sansanonin waɗanda 'yan bindiga suka raba da gidajensu. Mai hali ya riga ya samar wa ɗansa mafita, ba shi ne abin ji ba. Kuma a kiyaye abu biyu. Na farko abinci. Shirin ciyar da ɗalibai na tarayya da aka fara a 2016 aji ɗaya zuwa uku ya nufa, ya tsallake ƙananan da yunwa ta fi yi wa illa, sannan shi kansa ya yi ta tsayawa. Kwanon fate ko kunun gyaɗa da ƙosai da safe, daga hannun matan garin da amfanin gonar garin, shi ne zai sa uwa ta tashi yaro ta wanke shi ta turo shi, shi ne kuma zai sa abin da malama ta faɗa ya zauna. Na biyu harshe. Ɗan shekara huɗu da Hausa yake tunani, ko Fulatanci ko Kanuri. A yi masa tatsuniya da kacici-kacici da waƙar ƙirga da harshen da yake mafarki da shi, ya yi magana a saurare shi. Haddar baƙaƙen Turanci da ihu, wadda iyaye da yawa suke ɗauka ita ce shaidar makaranta mai kyau, kwaikwayo ne na makarantun kuɗi da su ma ba daidai suke yi ba.

Na san dalilin da ya sa wannan fanni ya zama maraya. Ɗan shekara huɗu ba ya jefa ƙuri'a, ba shi da ƙungiyar da za ta tafi yajin aiki, uwarsa ba ta da wanda zai kai ta gidan gwamnati. Amfanin abin da aka kashe masa sai bayan shekara 15 ko 20 zai bayyana, lokacin gwamnan da ya kashe ya daɗe da sauka. Saboda haka ba na sa ran wani zai yi shi don kansa, sai an matsa. Kasafin kowace jiha yana bi ta majalisar dokoki, ana kuma zaman jin ra'ayin jama'a a kansa. Kwamitocin al'umma masu kula da makarantu, wato SBMC, da ƙungiyoyin mata irin su FOMWAN, da limaman Juma'a, da 'yan jaridar gidajen rediyonmu, su je da tambayoyi ƙayyadaddu: jihar nan ta biya kasonta ta ɗauko tallafin UBEC na bana? Nawa aka ware wa ajin share fage, a wane layi na kasafi, nawa aka saki? Malamai nawa masu horon wannan fanni aka ɗauka, a waɗanne ƙananan hukumomi aka tura su? Ɗan majalisar da ya zo neman ƙuri'a a mazaɓarsa, a kai shi rabin ajin firamaren garin da ƙarfe tara na safe, a tsayar da shi a bakin ƙofa, sannan a yi masa waɗannan tambayoyi.